Ruwan da Ya Tafi da Sufyan

Rusaifa, Makka
Safar, 1446

Zuwa ga Yayata Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya Malam da yara, ya mutanen Wudil baki ɗaya? Allah ya sa damina ta yi albarka.

Yaya, na ga kiranki ba sau ɗaya ba, ban ɗauka ba. Ki yafe mini. In na buɗe baki kuka ne yake riga magana fita, shi ya sa na nemi takarda. Zan ba Hajiya Raihana da ta zo umara, ta ce za ta kawo miki har gida.

Abin da kika ji gaskiya ne. Ruwa ya tafi da Sufyan a Indiya. Kin san tun da na haife shi ban taɓa kiran sunansa a gabanki ba, sai dai in ce yaron nan, saboda kunyar ɗan fari. Yau ga shi na rubuta da hannuna, don a gidan nan yanzu babu wanda ya isa ya faɗe shi.

Shekararsa ta ƙarshe ke nan a karatun haɗa magunguna a garin Maisur. Yana da aboki ɗan ajinsu, Girish, gida ɗaya suke haya. Yaron ba Musulmi ba ne, Hindu ne. Ubansa ya mutu, su kuma ƙona gawa suke yi, sannan su kai tokar wani tsibiri a tsakiyar kogi inda suke da manyan ɗakunan bauta, su zuba a ruwa. Sufyan ya raka su. Kogin ya cika ya batse saboda damina. Iyakar abin da aka gaya mana ke nan: ya shiga ruwa bai fito ba, an nema ba a gani ba. Sunan kogin wai Kaberi. Da ƙanwarsa Nuf ta faɗa mini, na ɗauka kabari ta ce.

Yaron da ya tashi a Makka, ina ya san kogi? Mu da muka yi wasa a bakin kogin Wudil mun san ba a yi masa garaje in ya kawo. Shi iyakarsa bakin teku a Jidda, ruwa iya gwiwa.

Mun zauna makoki, nan aza ake ce masa. An jera kujeru a ƙofar gida, ana raba gahawa da dabino, unguwa ta cika. A rana ta biyu wani ya miƙa wa babansa waya a masallaci. Bidiyo ne da wani ɗan makarantarsu ya ɗauka da safiyar ranar, ya watsa. Ga Sufyan a ƙofar ɗakin gumaka, babu takalmi, da jan abu dangwale a goshinsa irin nasu, yana dariya. Kafin a watse daga masallaci babu wayar da bai shiga ba daga Rusaifa har unguwar Shisha.

Babansa ya dawo ya sa aka kwashe kujerun, ya ce an gama aza. Washegari liman ya zo ya ce tunda babu gawa a yi masa sallar ga'ib. Ina bayan labule na ji babansa ya ce masa, "Ya shehi, ban san a kan me ya mutu ba. Ba zan tsayar da jama'a a kan abin da ban sani ba." Mutumin da duk kasuwar Aziziyya ba a san shi da Yunus ba sai Abu Sufyan, yanzu in an kira shi haka ba ya waiwayawa. Ya kulle ɗakin yaron ya sa makullin a aljihu.

Mata suna ta shigowa har yanzu. Kowace ta ce Allah ya ba da haƙuri. Ina kallon bakinsu ina jira, amma ba mai cewa Allah ya jiƙansa. Wannan ya fi mini mutuwar ciwo.

Na gaya masa zan je in ga wurin da idona. Bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ce in yi abin da na ga dama. Bandar mijin Nuf ya nemo mana biza, ni da ita za mu tafi. Ban san me zan tarar ba. Ke ce uwata tun da Inna ta rasu, ki ce Allah ya jiƙansa ko da a zuciyarki ne.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki,
Saudatu


Maisur, Indiya
Rabi'ul Awwal, 1446

Yayata Hajo,

Sallama irin ta addinin Musulunci. Ina fatan kin tashi lafiya, ke da Malam da duk gidan. Mun iso lafiya. Wannan takardar Nuf za ta ɗauki hotonta ta turo miki a waya.

Girish ne ya tarbe mu. Siririn yaro, an aske masa kai tas saboda mutuwar ubansa, gashin ya fara tsirowa. Ya sunkuya zai taɓa ƙafata na ja da baya, ashe gaisuwarsu ce ga iyaye. Ya ce da Larabci, "Ummi, samihini." Wato in yafe masa. Sufyan ne ya koya masa. Tun daga Jidda na taho da niyyar in tsane shi, na neme ta a raina na rasa.

Tsibirin ba nisa daga gari. Gonakin shinkafa da rake, sai gada, sai ga ki a ciki. Gari ne sosai, da tsohuwar ganuwa. Babban ɗakin bautar yana da doguwar hasumiya hawa-hawa, an cika ta da sassaƙen mutane da dabbobi. A ƙofa masu sayar da furanni da kwakwa da ayaba, ga birai suna fizgar kayan mutane. Girish ya nuna mini wurin ajiye takalma, ya ce nan aka ɗauki bidiyon.

Na ce zan shiga. Nuf ta riƙe mini abaya ta ce, "Ummi, haram." Na ce ta jira ni, duk inda ɗana ya taka zan taka. Na shiga ina karanta Ayatul Kursiyyu. Ginshiƙai ne na baƙin dutse a jere, duhu-duhu, warin man fitila da kafur, ƙararrawa tana ta kaɗawa. Mutane sun yi dogon layi zuwa wani ɗaki can ciki, wai gunkinsu yana kwance a kan maciji. Ban je ba, ban leƙa ba. Girish ya tsayar da ni gindin wani ginshiƙi a farfajiyar waje, ya ce nan Sufyan ya tsaya, ya ce musu iyakarsa ke nan, su shiga su fito.

Ina tsaye sai ga wata tsohuwa ta zo ta kifa goshinta a jikin dutsen tana kuka, bakinta yana motsi. Yaya, sama da shekara ashirin ina kallon baƙi a Makka. Na san fuskar wanda ya sayar da gonarsa ya zo da damuwar da ba ta faɗuwa. Astagfirullah, ba na haɗa gaskiya da ɓata. Amma fuskar ce dai, na gane ta, kuma gane tan da na yi ya tsorata ni har na fito da sauri.

Daga nan muka gangara bakin kogi. Matakalai ne na dutse har cikin ruwa. Maza da sabon aski, sun ɗaura farin ƙyalle marar ɗinki, kowa da 'yar tukunyar ƙasa a hannu, suna ajiye wa hankaki dunƙulen shinkafa. Jiragen ruwansu kamar ƙaton faifai suke, zagayayyu. Ruwan ya ja baya yanzu, yana tafiya salim-alim kamar bai taɓa cin kowa ba.

A nan Girish ya ba ni labari, Nuf tana fassara. Bayan an zuba tokar, uwarsa ta sauko za ta shafa ruwan a kanta, santsi ya kwashe ta, zaninta ya naɗe mata ƙafa. Shi Girish yana can gefe tare da malamin bautarsu. Sufyan yana saman matakala riƙe da jakunkunansu. Ya watsar da su ya faɗa ruwa. Ya cim mata, ya turo ta har wani mai jirgi ya kama gashinta. Shi kuma ya ɗago sau ɗaya, shi ke nan.

Akwai tsohon masallaci a tsibirin mai hasumiya biyu. Girish ya ce tun a mota Sufyan yake ce musu su yi sauri don ya samu Azahar a can. Bai samu ba. Ni na yi ta a wurin, ban san abin da na karanta ba.

Da yamma suka kai mu gidansu. Sunan uwar tasa Sharada, ba ta kai ni shekaru ba, ta rame kamar kara. Ta ce jan abin nan ita ta dangwala masa da yatsanta, yadda take yi wa ɗanta in za su fita. Ya yi dariya ne don kada ya kunyata matar da mijinta ya mutu, Girish ya ce tana juya baya ya goge da hannun riga. Wanda ya ɗauki bidiyon bai jira wannan ba. Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta ta ce, "Numfashin nan na ɗanki ne."

Yanzu ga abin da ya hana ni sukuni. A kusurwar ɗakinta akwai wurin bautarta, da ƙananan gumaka da fitilar mai. Ga hoton mijinta a bango. Kusa da shi ga hoton Sufyan, wanda ya ɗauka da farar riga ranar sallar bara, an rataya masa furanni. Kullum da safe tana kunna masa fitila. Nuf ta miƙe ta ce, "Ummi, wannan shirka ce, sai an cire." Ta yi gaskiya, na sani. Amma na riƙe ta na zaunar. A gidan ubansa an kulle ɗakinsa, a unguwar da aka haife shi ba mai yi masa addu'a, sai a nan ne wata take tashi da shi a rai kowace safiya. Na sha shayinta, na fito, hoton yana nan.

Don Allah ki tambayar mini Malam hukuncin wanda ya ga haka ya yi shiru, amma kada ki ce ni ce.

Jibi za mu koma, hannu rabbana. A gaida yara.

Taki,
Saudatu


Rusaifa, Makka
Jimada Sani, 1446

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ya sanyi, ya jikin Malam? Na ji saƙonsa, na gode. Ina ta istigfari kamar yadda ya ce. Ki yi haƙuri da daɗewar da na yi ban rubuto ba.

Ranar da muka dawo na zauna na gaya wa baban su Nuf komai, in ban da maganar hoton, wannan kam har in mutu ba zai ji ta daga bakina ba. Ya saurare ni fuskarsa na kallon bango. Da na gama sai ya ce, "Shaidar su wa?" Ya tashi ya tafi shago. Watanni muka yi haka, in ajiye abinci, ya ci loma biyu, in ɗauke. Ya rame har agogonsa yana zamewa, amma bai sauko ba.

Ni kuma sai na mai da Harami gidana. Kin san bayan kowace salla sai an yi kiran sallar gawa. In aka jera mamatan mutane, sai in tashi in yi kabbara tare da jama'a, in cusa nawa a cikin niyya. Ban sani ba ko ya halatta. Ina kallon ana wucewa da makara a kafaɗu da sauri, in ji ina kishin uwar da ban sani ba, don ita ta san inda za a kai nata.

Makon jiya Girish ya kira Nuf. Wai tun ƙarshen damina wasu manoma sun tsinci gawa a cikin ciyayi can ƙasa da tsibirin, nesa ƙwarai. Namiji ne, dogo. Ba a gane shi ba, hukuma ta binne shi. Binnewa aka yi, Yaya, ba ƙonawa ba. Sun ce in iyaye suka ba da jini za a gwada, in shi ne za a tono a ba mu.

Na gaya wa babansa muna karin kumallo. Ya ci gaba da cin abincinsa. Na ce a raina to nawa jinin kaɗai zan bayar. Washegari ina wanke-wanke sai na gan shi tsaye a ƙofar kicin da makullin mota, ya ce, "Yalla, mu tafi Jidda a ɗebi jinin."

Mun yi nisa a hanya, sai ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya kifa kansa a kan sitiyari. Tun da na aure shi ban taɓa jin irin wannan sautin daga bakinsa ba. Yana ta cewa da Larabci, "Ya waladi, ya waladi," wato ɗana, ɗana. Can ya ce da Hausa, "Saudatu, na hana a yi wa ɗana salla." Na dafa bayansa kawai, manyan motoci suna wucewa suna girgiza mu.

An ɗebi jinin, an aika. Da muka dawo ya sayo likkafani, ya wanke shi da zamzam da hannunsa, ya shanya a saman bene. Ya je ya yi tambaya a kan yadda ake shigo da gawa da wurin binnewa. Jiya ya buɗe ɗakin yaron ya share. Ya ce sai an kawo shi za a yi salla, a Harami, gawa a gaban liman, kowa ya gani.

Ki duba inda duniya ta kai ni, ina roƙon Allah dare da rana gawar nan ta zama ta ɗana. Ki taya ni.

Ƙanwarki,
Saudatu


Rusaifa, Makka
Sha'aban, 1446

Yayata Hajo,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, ina gaida Malam da yara. Allah ya kai mu azumi lafiya.

Ba shi ba ne.

Sakamakon ya zo wa Nuf a waya, ita da Bandar suka zo suka faɗa mana. Ɗan wasu ne, su ma wataƙila suna can suna nema. Girish ya ce an rufe bincike, kogin yana da tsawo, ya ratsa ƙasa mai yawa kafin ya faɗa teku. Ya ce zai ci gaba da tambaya. Na ce a gaya masa ya bari, ya yi karatunsa.

Babansa ya je da kansa ya samu liman. An yi sallar ga'ib bayan La'asar a masallacin unguwa. Bandar ya ce da aka sanar da sunan, wasu sun ɗauki takalmansu sun fita, wasu sun tsaya. Ban tambayi su wa da wa ba. Na daɗe ina jiran sallar nan, na ɗauka in an yi ta wani dutse zai sauka daga ƙirjina. An yi, kabbara huɗu, an sallame, dutsen yana nan inda yake.

Tun ranar bai koma shago ba, Bandar ne yake buɗewa. Likita ya ce ciwon sukarinsa ya tashi, ya rubuta magani, yana sha in na tsaya a kansa. Yini yake a ɗakin yaron, zaune a bakin gado. A da ni nake neman wanda zai yi kuka tare da ni, yanzu na samu, sai na ga gara lokacin da yake fushi, don a lokacin aƙalla yana tsaye da ƙafafunsa.

Kin ce in zo gida in huta ko wata ɗaya ne. Ba zan iya barinsa ba, Yaya. Kuma ba na jin zan iya haye gadar Wudil in kalli ruwa.

Shekaranjiya da hantsi na kai masa shayi. Ya ce in zauna. Ya fara tambayata wurin, abin da bai taɓa yi ba: matakalan, faɗin kogin, inda yaron ya tsaya, ko akwai itatuwa. Ina ba shi amsa yana gyaɗa kai. Sai ya ɗago ya dube ni, ya ce, "Ruwan, da sanyi?"

Yaya, ban sani ba. Na daɗe a tsaye a bakin kogin nan, mutane suna wanka a gabana, yara suna wasa, amma na kasa sunkuyawa in sa ko da yatsa. Na dubi idonsa, na ga abin da yake roƙo.

Na ce masa da ɗumi.

Ya ce alhamdu lillahi, ya ɗauki shayinsa.

Ki sa mu a addu'a in kin kai goshinki ƙasa. Wassalam.

Ƙanwarki,
Saudatu, uwar Sufyan